Ɓawon Kifi da Gashin Hankaka: Lacca Kan Littattafan Yara Masu Hotuna

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye mata, ɗalibai, sannunku da zuwa. Na baya can kuna jina? To madalla.

Abubuwa uku na zo da su: aikin hoto a littafin yara, yadda littafin ke nuna rowa da abota, sai yadda ake karanta wa yaro.

Na farko ba zan daɗe a kai ba. Yaro ɗan shekara huɗu bai san baƙi ba, amma ya san fuska. Ka nuna masa shafin da kowa ke wasa, ɗaya yana can gefe ya rungume kayansa, kafin ka buɗe baki zai ce maka wannan ba shi da aboki. Hoton ya riga ka yin wa'azin.

To, ga littafin da nake so mu tsaya a kansa. Marcus Pfister, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da shi da Jamusanci a 1992, sunansa Der Regenbogenfisch, wato kifi mai launin bakan gizo. Kun ga Gizo ya shigo mana tun kafin a kira shi, haka yake, ku ajiye shi, za mu dawo kansa. Kifin nan yana da ɓawo mai ƙyalli. Kuma ƙyallin na gaske ne, takarda ce mai walƙiya aka manna a shafin. Na taɓa miƙa wa wata yarinya littafin, ba ta ko saurari karatun ba, farcenta ta sa tana ƙoƙarin ɓanɓaro ɓawon. Ita ma tana so! Nan hikimar take. An sa yaro ya ji kwaɗayin abin a yatsansa kafin a ce masa a bayar.

Wani ƙaramin kifi shuɗi ya roƙi ɓawo ɗaya, ɗaya tak, aka kore shi da wulaƙanci. Sauran kifaye suka ƙaurace wa mai ƙyallin. Ya je neman shawara wajen halittar tekun nan mai hannuwa takwas, ta ce ya rabar da ɓawonsa. Ya rabar har ya rage masa guda, ya samu abokai.

Ina son littafin nan, wallahi ina son sa, amma akwai abin da ke damuna, kuma ya dami masu karatu da yawa. Ɓawo ba alewa ba ne. Jikinsa ne. Kuma kifayen ba su matso ba sai da aka ba su. To abota ce wannan, ko ciniki? Laifin kifin na farko ba ƙin bayarwa ba ne, wulaƙancin ne, yadda ya daka wa ƙarami tsawa. Da an gyara wannan kaɗai, da labarin ya warke.

Yanzu ku ɗauko Gizon da muka ajiye. Yadda kakata ta yi mana tatsuniyar, hankaki sun san wani ɓaure a tsakiyar ruwa. Gizo ya nace sai an je da shi. Kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya manna masa, har ya iya tashi. Ku lura, ga ɓawo can, ga gashi nan, amma a nan jama'a ce ta fara bayarwa. Da aka sauka kan ɓauren, duk wanda hankaka ya nufa sai Gizo ya ce, ni na riga gani, nawa ne. Ya cika jakarsa. Hankaki ba su yi masa dogon magana ba, kowa ya zare gashinsa ya tashi, suka bar shi a kan reshe, ruwa ko'ina.

Ku rufe ido ku ga wannan shafin. Gizo tsirara a kan reshe, jaka cike, hankaki sun zama ɗigo-ɗigo a sama. Wane mai zane ne ba zai so wannan ba? Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara mana irin waɗannan a Tatsuniyoyi da Wasanni, labaran suna nan, masu zane muke nema su ba kowace tatsuniya littafinta, babban hoto, jimla biyu a ƙasa. Kuma darasin ya fi zama daidai, ina maimaitawa, ya fi zama daidai: fuka-fukan da kake tashi da su na mutane ne.

Na huɗu, a'a, na uku ke nan ko? Yadda ake karantawa. Kada ku rufe littafi ku ce, to me muka koya? Ku tsaya a tsakiya, ku nuna fuska, ku ce me yake ji? Shi ke nan. Akwai hannu a can. Bismillah, Hajiya.

(Wata uwa ta ce ɗanta ba marowaci ba ne, kullum rabar da kuɗin tararsa yake yi don a yi wasa da shi, har fensirinsa.)

Hajiya, Allah Ya raya shi. Wannan yaron kada a karanta masa littafin kifin a ce ya yi koyi, ya riga ya rabar da nasa ɓawon. Ki yi masa ta hankaki, ki tsaya daidai inda suka zare gashinsu, ki tambaye shi ko sun yi laifi. Ki bar shi ya yi shiru, kada ki ba shi amsa. Sannan wata rana ki tambaye shi wa ya zauna kusa da shi ranar da babu kuɗin tara a aljihunsa. Zai faɗi suna ɗaya, wataƙila biyu. Wannan yaron za ki aika a kira ranar Asabar, ki shimfiɗa musu tabarma, ki ba su littafi guda su riƙe tare.