Fitilar UV na Mutuwa Ana Tsakar Aiki? A Duba Cila Tukuna

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Binta ce, ga Auwal a gefena. Yau muna tare da Malam Kabiru, mai gyaran injinan buga hoto a nan Kano. Malam, sannu da zuwa, ya zafi?

Kabiru: Zafi lokacinsa ne, Hajiya. Mu kam kasuwarmu ta buɗe. Daga Maris zuwa Mayu wayata ba ta hutawa, kuma kukan ɗaya ne: injin UV mai shimfiɗa, wanda ke bugawa a kan gilashi da katako da roba, hasken fitilarsa ta UV kuma ya busar da tawadar, ya tsaya ana tsakar aiki, ko kuma ya buga amma tawada ta ƙi bushewa.

Auwal: Oga, ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. An ce mana fitilar LED ba ta zafi, shi ya sa aka bar tsohuwar fitila aka koma mata.

Kabiru: Ba ta gasa kayan da ake bugawa a kai kamar tsohuwar, wannan gaskiya ne. Amma ita kanta tana zafi, a bayanta ne ba a gabanta ba. Yawancin wutar da take sha zafi take zama, kaɗan ce ke zama hasken nan. Ƙwayoyin fitilar suna manne ne a kan wani farantin ƙarfe mai hanyar ruwa a cikinsa. Ruwa ya bi ya kwashi zafin, ya dawo ta tiyo zuwa cila, wato akwatin sanyaya ruwa, cila ta zubar da zafin a iska. Duk inda wannan zagaye ya katse, ƙwayoyin su ɗau zafi, haskensu ya ragu. Tun kafin ƙararrawa ta kaɗa za ka gani. Ka ɗora yatsa a kan bugun ka ji yana danƙo, ko ka karce da farce tawadar ta tashi.

Binta: Sai mai shago ya ce tawada ce jabu.

Kabiru: Ko ya ƙure ƙarfin fitila zuwa 100, ya ƙara wa Borno dawaki. Zafin ya ninka, ƙwayoyin su fara mutuwa layi-layi. Fitilar da ta ƙone kuwa ba ta dawowa.

Auwal: To idan ka shiga shago, me kake fara dubawa?

Kabiru: Irin cilar. Nan ne mutane da yawa suka shiga uku ba su sani ba. Akwatunan iri biyu ne, kuma daga waje duk fararen akwati ne masu fanka. Akwai mai kwamfuresa, irin CW-5200 na kamfanin S&A, wadda ke sanyaya ruwa da gaske. Akwai kuma irin CW-3000, wadda ba ta da kwamfuresa sam. Tanki ne da famfo da fanka, kamar lagireton mota. Irin wannan ba za ta taɓa sauke ruwa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki ba.

Binta: Wato idan shago ya kai digiri 40…

Kabiru: Ruwan ya haura 40. Ba lalacewa ta yi ba, iyakar ƙarfinta ke nan. A watan Afrilu, shagon kwano marar silin a Kano da ƙarfe biyun rana, ai kin san yadda yake. Shi ya sa za ki ji mutum yana cewa injinsa da safe lafiya lau, bayan azahar sai ya fara hauka. Ni da na ji haka ba na ma buɗe fitila. Ƙananan injinan da ake shigo da su sau da yawa da irin wannan akwati suke zuwa, saboda ya fi araha, kuma a ƙasa mai sanyi ya wadatar. A nan sai dai a sa wa ɗakin na'urar sanyaya iska, ko a sayi mai kwamfuresa.

Auwal: Mai kwamfuresar fa, ita ba ta da matsala?

Kabiru: Tana da ita, amma tana faɗin abin da ke damunta a ɗan allonta. A ƙananan cilolin S&A, E1 yana nufin ɗakin ya yi zafi da yawa, E2 ruwan ne ya yi zafi. Idan na ga ɗaya daga cikinsu, ragar gefe nake cirewa. Bayan hunturu za ka tarar da ƙurar hazo ta zama tabarma a jikinta, ka ɓanɓaro ta da yatsa ta fito a haɗe. A wanke ragar, a bari ta bushe, a hure haƙarƙarin da ke bayanta da iska. A lokacin hazo duk mako nake so a yi. Sannan a janye akwatin daga jikin bango. Wasu ƙarƙashin tebur suke cusa ta, kwalaye a kai, tana shaƙar iskar da ta fitar.

Binta: Ƙararrawar da ke ihu ba tsayawa fa?

Kabiru: Galibi ruwa ne ba ya gudu. Ka bi tiyon da hannu tun daga cila har fitila, musamman cikin sarƙar nan da ke yawo tare da kan da ke fesa tawada, don nan yake lanƙwashewa. Ka leƙa tanki ka ga ko ruwan da ke dawowa yana motsi. Idan famfo na ƙugi amma ruwa shiru, ko iska ce ta shiga, ko hanya ta toshe.

Auwal: Me ke toshe ta?

Kabiru: Ruwan burtsatse. Yana da gishiri-gishiri da ke taruwa ya zama farin ɓawo, hanyoyin cikin fitila kuwa sirara ne. Ruwan leda ma bai tsira ba. Tataccen ruwa ake zubawa, wanda aka dafa aka tara tururinsa. A wajen masu batir ana samunsa, amma don Allah a tambaya da kyau, saboda suna kuma sayar da mai asid, kuma mutane duk ruwan batir suke kiransu. A canza shi duk bayan kamar wata 3. Idan tiyo mai nuna ciki ne ka ga ya fara kore, gansakuka ce, kada a jira.

Binta: Malam, tunda zafi ne matsalar, me zai hana a sauke cilar zuwa digiri 15 kowa ya huta?

Kabiru: A'a, Hajiya, wannan ya fi zafin ɓarna. A Afrilu iskar Kano a bushe take, ƙila ki tsira. Amma a Agusta, ɗaki yana 30, laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, duk ƙarfen da ya sauka ƙasa da kamar digiri 26 zai yi gumi. Gumin nan a cikin fitila yake tsatsafowa, kusa da wayoyi da ƙwayoyin LED, wani lokaci ya ɗiga kan aikin mutane. Ni tsakanin 25 da 28 nake bari, sai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam. Da damina idan ka shafa tiyo ka ji danshi, ɗaga lambar.

Auwal: Wani ya turo cewa ya taɓa wajen kan da ke fesa tawada ya ji ɗumi, ya tsorata.

Kabiru: Idan irin Ricoh Gen5 ne, da gangan ake ɗumama shi. Tawadar UV tana da kauri, sai an kai ta wajen digiri 40 da ɗoriya take fesuwa daidai. Kada ya kunna masa fanka. Ya duba lambar da manhaja ke nunawa kawai.

Auwal: Saura maganar wuta, don mu nan ita ce uwa uba.

Kabiru: Kwamfuresa ba ta son wuta mai rauni, tana gurnani ta kasa tashi, ta yi zafi. A sa sitabilaiza, kuma a duba takardar jikin cilar ta ce 220V da 50Hz, don akwai waɗanda aka ƙera wa kasuwar Amurka. Idan an ɗauke wuta aka koma janareto, a ba ta minti 3 zuwa 5 kafin a kunna. Cila ake fara kunnawa, a ga ruwa na gudu, sannan fitila. Idan an tashi kuma fitila ake fara kashewa, a bar ruwan ya ɗan zagaya.

Binta: Idan an yi duk wannan ruwan bai sauka ba?

Kabiru: To ko gas ya zube, ko kwamfuresa ta gaji. Wannan aikin mai gyaran firij ne, ba na yaron shago ba. Kuma duk mai leƙa fitila tana kunne ya sa tabaran kariya, hasken nan yana cutar da ido.

Binta: Mun gode, Malam Kabiru. Mako mai zuwa farar tawada za mu taɓa, da dalilin da ya sa take kwanciya ta toshe kan injin. Sai mun ji daga gare ku.