A kwamfutata yana aiki, a taka ya ƙi tashi

Ka rubuta ɗan shiri da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, mai haɗa lissafin ofis na ƙarshen wata. A wajenka lafiya lau. Ka tura wa abokin aikinka, ko minti biyar ba a yi ba ya kira ka: "Malam, abin nan fa ya ƙi tashi."

Kwamfutarsa ba ta da laifi. Shirin naka jingine yake da laburaren da wasu suka rubuta, irin su pandas da NumPy, su kuwa kullum canzawa suke. Dubi pandas. Shekara da shekaru mutane na ƙara layuka a tebur da umarnin append. Da fitowa ta 2.0 ta zo a watan Afrilun 2023, sai aka cire shi ɗungurungum, aka bar mutane da umarnin concat. Kai kana kan 1.5, shi kuwa jiya ya sauke sabuwa. Ka ga inda gizo ke saƙa.

To, kowane aiki ka ware masa ɗakinsa, wato keɓantaccen wurin ajiye laburarensa a kwamfuta (virtual environment). Rubuta python -m venv .venv, ka kunna ɗakin, sannan ka sauke laburaren da aikin ke buƙata kaɗai. Duk abin da ka zuba a nan ba zai taɓa sauran ayyukanka ba.

Daga nan sai ka rubuta pip freeze > requirements.txt. Wannan fayil zai rubuta sunan kowane laburare da lambar fitowarsa, kamar pandas==1.5.3, har da waɗanda su ma suka dogara da su. Amma don Allah kada ka yi haka sai kana cikin ɗakin nan. Na sha karɓar fayil cike da tarkacen da mutum ya tara tun ranar da ya sayi kwamfuta, alhali laburare uku shirin ke nema. Ɓata wa mutum lokaci da data ne.

Abu ɗaya fayil ɗin ba ya faɗa: wace fitowar Python kake kai. Rubuta ta da hannunka a saman saƙon.

Kafin ka tura, buɗe sabon ɗaki fanko, ka rubuta pip install -r requirements.txt, ka kunna shirin kamar kai ne baƙon. In ya tashi, haɗa fayil ɗin da shirin ka tura su tare.