Lacca: Wa Ke da Damar Magana Tsakanin Manhaja da Tashar 3270?

Assalamu alaikum, jama'a. Yau a kan abu guda za mu tsaya: yadda manhaja ke miƙa wa tasha damar magana, da abin da ke faruwa idan ta manta.

IBM ta fito da tashoshin 3270 a 1971, wato allo da madannai da ma'aikaci ke amfani da su wajen magana da manhajar da ke kan babbar kwamfuta; tsarinta na sadarwa, SNA, kuma ya biyo baya a 1974. Wannan tasha ba ta aika harafi ɗai-ɗai. Ma'aikaci zai cike allo mai layi 24, kowane layi gurbi 80, jimla 1920, sai ya danna Enter. Filayen da ya taɓa ne kawai za su tafi a dunƙule, lambar maɓallin da ya danna tana gabansu, ta Enter kuwa 7D ce. Nan take madannai su kulle.

To, hanyar da ke tsakaninsu kadarko ce, mutum ɗaya take ɗauka. Ko manhaja na magana, ko tasha, ba a haɗa baki. Kowane saƙo yana da kai mai bayit uku, kuma a bayit na uku ake ɗaga alamomi: BB ta buɗe zance, EB ta rufe shi, CD kuma tana cewa "na gama, bismillah". Darajar CD 20 ce a lissafin sha shida (hexadecimal), wato ɗigo (bit) ɗaya ne tak a cikin bayit ɗin. Wannan ɗan ɗigon shi ne duk laccarmu.

A CICS, tsarin IBM da ke tafiyar da manhajoji a babbar kwamfuta, ba kwa taɓa shi da hannu. Idan kun rubuta SEND da INVITE, an ɗaga CD, kun koma masu saurare, don haka RECEIVE ya dace ya biyo baya. Idan kun sa LAST, an rufe zancen. CONVERSE kuwa yana haɗa aikawa da karɓa a umarni ɗaya. Ku lura da kyau a nan: CICS yakan riƙe saƙo har sai ya ga umarni na gaba, domin ya ɗora alamar a kansa, ya rage zirga-zirga. Shi ya sa wani zai rubuta "Ana aiki, a jira", amma rubutun bai bayyana ba sai bayan aikin ya ƙare. Maganinsa shi ne a sa WAIT a SEND ɗin, don saƙon ya tafi nan take.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa dama sannan a sake aikawa. Ɗaya ɓangaren zai ƙi karɓa, ya maido da lamba 2004, wato an yi magana ba tare da damar magana ba. Lamba 081B daban ce: su biyun ne suka buɗe baki lokaci guda, saƙonku ya tarar da tasha tana aikawa. Wannan ba laifin kowa ba ne, ku saurari nata tukuna.

Sai kulle madannai, wanda ya fi ɓata wa ma'aikaci rai, ga layin mutane a gabansa, ga "X SYSTEM" a ƙasan allo. Sau da yawa an manta FREEKB ne, wato zaɓin buɗe madannai, a SEND MAP, umarnin aika allo, don haka harafin sarrafa rubutu da ke gaban saƙon bai ba da izinin buɗewa ba. Amma kada ku sa shi a saƙon farko alhali akwai na biyu a hanya, sai ma'aikaci ya fara rubutu ku share masa. Ku ajiye shi sai saƙon ƙarshe.

Idan tasha tana son magana ba lokacinta ba, maɓallin ATTN yana aika SIGNAL ta hanyar gaggawa. Roƙo ne kawai, ba ƙwace ba. Manhajarku ce za ta duba EIBSIG, alamar da CICS ke ɗagawa idan SIGNAL ya iso, ta kammala abin da take aikawa, sannan ta miƙa damar.