Yadda ake gwada jaket ɗin hawa babur

Assalamu alaikum, jama'a. Gardamar da ake ta yi kwanan nan tsakanin masu hawa babur ita ce ta girman jaket: wani ya ce wadda ya sayo ta matse shi don haka ya mayar, wani kuma ya ce ai haka ake ɗinka ta. Mu ɗauki misalin wani mutum da ke tsaye a gaban madubi, wanda yake cikin rukunin farko, kuma za mu bi shi har mu ga inda ya kuskure.

Awo ba shi da wuya, saboda haka ba za mu daɗe a kansa ba. A samu tef irin na tela, a zagaya ƙirji ta ƙarƙashin hammata a kan riga marar kauri, sannan a auna ƙugu da tsawon hannu. Lambar Turai kusan rabin awon ƙirji ce a santimita, wato mai ƙirjin santimita 100 zai fara neman lamba 50, wadda a lissafin Amurka take daidai da 40. Kamfanonin Italiya irin su Dainese da Alpinestars an san su da ɗinki mai kama jiki, don haka a duba jadawalin awon kowane kamfani kafin a biya kuɗi.

Yanzu mu koma wurin mutuminmu. Ya sa rigar, ya tsaya ƙyam kamar mai shirin ɗaukar hoton Sallah, ya ga hannun ya zarce wuyan hannunsa, kafaɗun sun turo shi gaba, bayan rigar kuma ya fi gabanta tsawo. Duk waɗannan da gangan aka yi su, domin wanda ya yanka rigar ya yanka ta ne da siffar mutumin da ke zaune ya miƙa hannuwa ya riƙe kan babur. Shi ya sa hannayenta suke a lanƙwashe tun tana rataye. Ku dubi abin da ya faru da ya hau mashin ɗin: hannun rigar ya ja baya ya tsaya daidai inda safar hannu za ta rufe shi, bayan kuma ya sauka ya rufe ƙugu. Idan babu babur a kusa, kujera ma ta isa, muddin mutum zai zauna ya sunkuya gwargwadon yadda yake tuƙi. Mai Boxer yana zama a miƙe, mai babur ɗin tsere kuwa kusan kwanciya yake yi a kan tanki, kuma riga ɗaya ba za ta zauna musu iri ɗaya ba.

Dalilin da ya sa ake son rigar ta kama jiki yana ɓoye ne a cikinta. A gwiwar hannu da kafaɗa akwai aljihu, a cikin kowane aljihu kuma akwai garkuwa ta roba mai shanye ƙarfin bugu. Wannan garkuwa ba ta fi tafin hannu da yawa ba, kuma amfaninta duka ya rataya ne a kan ta kasance bisa ƙashin a daidai lokacin da aka faɗi. Idan mutum ya zube a kan kwalta yana gudu, abin da titi yake fara kamawa shi ne yadin rigar, ya ja shi, ya murɗa shi. Hannun riga mai yalwa sai ya juya, garkuwar ta koma gefe, gwiwar hannu ta haɗu da kwalta ita kaɗai, alhali mai ita ya biya kuɗin kariya.

Gwajin kuwa ga shi, kuma ina roƙon ku lura da shi sosai. Mutuminmu ya gwada riguna biyu: yana zaune, ya lanƙwasa hannu, abokinsa ya kama garkuwar ya yi ƙoƙarin juya ta. A rigar farko, mai lamba 54, ta zagaya har cikin hannu ba tare da wata wahala ba. A ta biyu, mai lamba 50, ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya, ƙashin yana nan a tsakiyarta. Madaurin da ke dantse da wanda ke ƙasan gwiwar hannu an sa su ne don rage wannan wasa, amma idan an ɗaure su har ƙarshe garkuwar tana yawo, to rigar ta yi yawa. Haka nan a kama ƙasanta ta baya a ja sama. Wadda ta taso har haƙarƙari za ta bar baya a buɗe ranar da aka faɗi.

Na san inda matsalar take, domin mu mutane ne da muka saba da kaftani da babbar riga, har tela ya kan ƙara inci biyu ko ba a ce masa ba. Ga kuma zafi, wanda a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. A ra'ayina, maganin zafi shi ne a nemi jaket mai raga wadda iska take ratsawa, a kuma saye ta daidai jiki. Babbar jaket iska take cika ta a kan hanya, ta yi ta kaɗawa har kafaɗa ta gaji.

Matsewa ma tana da iyaka. Idan yatsu sun fara sanyi ko tsami, ko numfashi mai zurfi ya gagara bayan an ja zif, ko wuyan rigar ya hana waiwaye, to ta yi kaɗan. Fata takan ɗan saki bayan an jima ana sa ta, amma yadi irin Cordura yadda aka saye shi haka zai zauna. Wadda take da shafin ciki na sanyi a gwada ta da shi, a kuma cire a sake gwadawa, tunda hunturu wata biyu ko uku ne kawai.

Ga masu saye a gwanjo, ko a Ƙofar Wambai ko wata kasuwa, a zura hannu cikin kowane aljihu a fito da garkuwar a duba. Ta gaske tana ɗauke da alamar CE, da zanen mutum a kan babur, da lamba 1 ko 2 bisa ƙa'idar Turai ta EN 1621, kuma mai lamba 2 ta fi rage ƙarfin bugun da ke isa ga ƙashi. Aljihun baya shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Ga abin da muka ciro daga na mutuminmu: soso ne marar wata alama, kuma sai ya sayi garkuwar baya daban, ya sa ta, sannan ya sake hawa babur ya maimaita gwajin, domin kaurinta zai ci wani abu daga faɗin ƙirjin rigar.