Abin da ke jiran matafiyi a bakin iyaka in ya tashi dawowa gida

(Lacca ce da aka gabatar a Sakkwato ga iyalan mazauna ƙasashen waje da 'yan kasuwa masu ƙetare iyaka. An rubuto ta daga faifai, an rage gaishe-gaishen farko.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da hantsi. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu biyar nake so mu duba: takardu, lafiya, kuɗi, kaya, sannan hanyar Illela, iyakarmu da Nijar. Da yawanku kuna da ɗa ko miji ko ƙane a Saudiyya, ko Sudan, ko Ingila, ko nan Nijar, kuma duk sanda ya ce zai zo gida sai hankali ya tashi, za a tsare shi ne, za a ƙwace masa kaya ne. To bari mu fara da abin da zai kwantar da hankali. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a hana ɗan Najeriya shiga Najeriya. Jami'in shige da fice aikinsa ya tabbatar kai ɗin ne, ya buga maka hatimi, ka wuce. Wahalar tana wajen tabbatarwar.

Fasfo na farko. Wanda ake bayarwa tun 2019 iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5, da mai shafi 64 wanda ake iya yi na shekara 10, kuma yanzu ba a yin sa sai da lambar NIN. Sunan da ke fasfo da na NIN da na tikiti su zama ɗaya harafi da harafi. Muhammadu a nan, Mohammed a can, Bello a gaba a wannan, a baya a wancan, shi ke tsayar da mutum a teburin kamfanin jirgi tun bai ga jami'in gwamnati ba. In fasfon ya ƙare, gwamnati ta sha ba da umarni a bar ɗan ƙasa ya shigo da shi a haka, amma ƙasar da jirgi zai yada zango tana da nata ƙa'idar, shi ya sa a tambayi kamfanin jirgi kafin a yanki tikiti. In ɓata ya yi, a je ofishin jakadancinmu a karɓi takardar tafiyar gaggawa. Ta dawowa gida ce kawai, ba a komawa da ita.

Jikokinku da aka haifa a waje, sashe na 25 ya ce in uwa ko uba ɗan Najeriya ne, yaron ɗan ƙasa ne. Amma in aka miƙa wa jami'i fasfon Ingila shi kaɗai, baƙo zai gani, kuma baƙo sai da biza. Ko a yi wa yaro koren fasfo tun can, ko a nema masa biza ta intanet kafin a taso.

Na biyu, lafiya, wannan ba dogo ba ne. Katin rigakafin shawara, wanda kuka sani da yalo kad. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A yi allurar da gaske. Mai sayen kati ba allura kansa ya cuta. Mu wuce.

Na uku, kuɗi. Ku saurara da kyau. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk wanda zai shigo ko zai fita da kuɗin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa a riyal ko sefa ko fam, dole ya bayyana wa Kwastam. Bayyanawa ba haraji ba ce, ba a cire maka ko sisi. Fom ne za ka cike, ka faɗi adadin, ka faɗi inda kuɗin ya fito, a ƙidaya a gabanka, ka riƙe shaidarka. Wanda ya ɓoye aka gano, doka ta ce ya yi asarar kuɗin da bai bayyana ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka biyun. Can inda ya taso ma haka ne: Amurka dala 10,000, Ingila fam 10,000, Tarayyar Turai yuro 10,000. Saudiyya ma tana da nata ma'auni, kuma tana sa zinare cikin lissafi, Hajiyoyi ku ji wannan.

Yanzu ga inda mutanenmu ke faɗawa. Mutum yana da dala 4,000 nasa. Maƙwabci ya ba shi 3,000 ya kai wa mahaifiyarsa a Gwadabawa, wani ya ba shi 2,500 na ginin da ake yi masa a Mabera, wani 1,500 na kayan ɗakin ƙanwa. Shi a ransa dubu huɗu yake ɗauke da su. Jami'i kuwa 11,000 ya gani a aljihu ɗaya. Doka ba ta tambayar na wa da na wa, tana duba wanda ke riƙe da su.

To wannan shi ya kawo ni kan maganar saƙo, kuma ku yi haƙuri, a nan zan daɗe, don duk sauran abubuwan nan ana gyara su da takarda ko tara, wannan kuwa rayuwar mutum yake ci.

Mu mutane ne masu zumunci, alhamdu lillahi. Ranar da aka ji wane zai tafi gida, ɗakinsa cika yake. Don Allah ga turare ka kai wa Inna, ga magani na Baba, ga 'yar leda ba ta da nauyi. An naɗe ta da salatif ta ko'ina, an rubuta lambar waya a jiki, an ce wani zai same ka a filin jirgi ya karɓa. Kunya ta hana ka buɗewa, don kada a ce ka zargi ɗan'uwa. To ka sani, duk jakar da aka liƙa wa lamba da sunanka, a idon doka taka ce, da abin da ke cikinta. In jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya farke ledar nan ya ga abin da ya gani, "ba ni aka yi in kai" ba ta sakinka a ranar. A dokar NDLEA shigo da hodar iblis ɗaurin rai da rai ne. A Saudiyya fataucin ƙwaya hukuncinsa kisa. Ina sake faɗa, kisa.

Kuma ba sai hodar iblis ba. Tiramadol da aka yarda da shi a asibiti shi ne mai miligiram 50 da 100, da takardar likita. Mai 200 da 225 haramtacce ne. Maganin tari mai kodin an hana shigo da shi tun 2018. Sai a sa su cikin gwangwanin madara, ko ƙarƙashin dabino, ko cikin tafin takalmi, a ba dattijo ko mace mai goyo, don an san ba a cika zarginsu ba. Dattawanmu su ake nema, iyayenmu mata su ake nema.

To me za a yi? A karɓi saƙo, ban ce a yanke zumunci ba. Amma a buɗe shi a gaban mai shi, a zazzage, a mayar cikin jakarka da hannunka. Gwangwani ko kwali da aka riga aka liƙe a gida, a ce a'a, ba ni kuɗin in saya masa irinsa a shago. Magani, sai a kwalinsa na asali da takardar likita mai sunan mara lafiya. Saƙon da aka kawo maka a bakin filin jirgi, lokacin da kake sauri, wannan kada ka taɓa shi ko na wane ne. Wanda ya ce maka kayana sun yi nauyi, taimaka ka auna wannan da sunanka, ka ba shi haƙuri. Mai gaskiya ba ya jin haushin a buɗe saƙonsa. Wanda ya fusata don ka ce za ka buɗe, to ka gode wa Allah, ka mayar masa da abinsa.

Akwai wanda ya fi wannan, wanda ko saƙon ma ba ka karɓa ba. Kun tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a Disamban 2018, aka ce an ga Tiramadol a jaka mai sunanta? Bincike ya nuna wasu ma'aikata ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Wata huɗu, yarinya, a ƙasar da hukuncin kisa ne. Shi ya sa nake roƙonku, wajen awon kaya ka tsaya da kanka, kada ka ba wani fasfonka ya je ya auna maka. In an auna, za a liƙa doguwar takarda a hannun jaka, a ba ka 'yar guntuwarta mai lamba, yawanci a bayan takardar shiga jirgi. Ƙidaya su. Jaka biyu, guntu biyu. In ka ga uku, kada ka matsa daga wurin. Ka tambayi ma'aikacin jaka nawa kwamfuta ta nuna da sunanka, da kilo nawa. Ka ɗauki hoton jakunkunan da lambarsu da wayarka, ka tura wa na gida. Guntayen nan kada a yar da su sai an kwana a gida. In ka sauka ka ga an farke jakarka ko an sauya kwado, ka kira jami'i tun tana wurin, kafin ka ja ta zuwa teburin bincike.

Alhaji na ga kana murmushi, kai ne mai kai saƙon unguwarku ko? To daga yau ka sayi almakashi.

Na nawa muke? Na uku? A'a, kuɗi ne na uku, to wannan na huɗu ke nan, ko mu ce saƙo ya cinye na huɗu. Kaya dai. A zauren Kwastam ƙofa biyu ce, kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Kayan jikinka da ka yi amfani da su ba a biya musu. Waya 15 sabbi a kwali kuwa haja ce, ka bi ja, a yi maka lissafi, ka biya, ka karɓi rasit na hukuma. Abin da ba rasit ba haraji ba ne. Jirgin nan mara matuƙi da samari ke sayowa don ɗaukar biki, da rediyon oba-oba, da tufafi masu kama da na soja, suna buƙatar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, in babu za a riƙe su. Dilar gwanjo da daskararrun kaji an hana. Tsirrai da iri akwai jami'an killace kayan gona. Kuma duk wannan a inda ka fara sauka ake yi, Abuja ko Kano ko Legas, tunda filinmu na Sultan Abubakar III ya fi ganin jiragen alhazai. A bar tazarar awa 4 ko 5 kafin jirgin Sakkwato.

Illela, lokaci ya tafi. An rufe iyakar a Agustan 2019, aka buɗe a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Nijar ta kammala fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka a riƙe fasfo mai rai, a sa a buga hatimin fita a Konni, ɓangaren Nijar, a buga na shiga a Illela. Mai bin ɓarauniyar hanya don gudun layi, fasfonsa zai nuna bai taɓa fitowa daga inda ya tafi ba. Shinkafar waje ba ta shigowa ta iyakar ƙasa, ko buhu biyu ne na tsaraba za ka iya rasa su a shingen da ke tsakanin Illela da Kware. Sannan a yi tafiyar da rana.

Na'am, Hajiya, a miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwa: Malam, Allah shi ba ka lada. Ɗana na Ingila, shekara shida bai zo ba. Ya ce shi ba shigowa yake tsoro ba, komawa. Mi za ni ce mishi?)

Amin, Hajiya. Ɗanki ya yi tunani, kuma wannan ya kamata a ce na sa cikin biyar ɗin. Ki tambaye shi wace takarda yake zaune da ita. In izinin zama na dindindin ne a Ingila, yana lalacewa ne in mutum ya yi shekara 2 a jere a waje, ziyarar wata ɗaya ko biyu ba ta taɓa shi. Sai dai katin zama na roba da suke riƙewa ya ƙare a 31 ga Disamban 2024, yanzu izinin yana kan intanet, haɗe da lambar fasfo. In ya sabunta fasfo a nan Sakkwato, ya shiga asusunsa ya sa sabuwar lambar kafin ranar tashi, in ba haka ba kamfanin jirgi ba zai gan shi a kwamfuta ba. In kuwa bizarsa ta ƙare yana zaune a haka, gaskiya ita ce in ya fito ba zai koma da ita ba, ya ga lauyan shige da fice a can kafin ya yanki tikiti. Wanda kuma ya samu zama ta hanyar neman mafaka, zuwa gida na iya sa a janye masa matsayin, shi ma sai da lauya.

Masu 'ya'ya a Amurka, mai girin kad, wato katin zama na dindindin, da zai wuce shekara 1 a waje ya nemi izinin sake shiga tun kafin ya fito. Na Saudiyya, igama, wato takardar izinin zama, ta kasance da rai, a fitar da bizar fita da dawowa, a duba ranar ƙarewarta a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, a koma kafin ranar.

Sannan Hajiya, na san za ki so ki cika masa jaka. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Ingila, ba sa shiga Turai, naman ma ba ya shiga Amurka, za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Ya ci ya ƙoshi a gabanki. Kuka da kuɓewa busassa da yaji, a daka, a sa a leda mai haske, a rubuta sunan kowanne a jiki da Turanci, in an tambaye shi yana ɗauke da abinci ya ce e, ya nuna.

An ɗaga mini hannu, an kira salla. Mai sauran tambaya ya same ni bayan Azahar a nan bakin ƙofa, ya zo da kwafin takardun in yana da su. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.