Fijo 504: Ƙarfin Mota Ne, Ko Hannun Makanike?

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau mun kwaso kayan naɗar murya mun taho garejin Yaya Injiniya a nan cikin garin Bauchi, don haka in kun ji ana buga ƙarfe, yara ne ke kwance giya a bayanmu. Kawu ma ya iso, har ya kama benci. Kawu, ina wuni?

Kawu: Lafiya lau, 'yata. Ai da na ji an ce maganar Fijo za a yi, ko shayin la'asar ban tsaya sha ba.

Injiniya: Kawu kenan. Tun da ya shigo yake shafa waccan tsohuwar wagon ɗin da ke kan duwatsu kamar ya ga ɗan'uwansa.

Kawu: To ba ɗan'uwana ba ne? Shekara 22 ina jan irinta daga Bauchi zuwa Kano ta hanyar Ningi. Da ita na yi aure, da ita na gina gida a Jahun, da ita na biya wa mahaifiyata kujerar Makka.

Auta: Kafin Kawu ya ɗau zafi, bari mu sa wa hirar tushe. Mu dai Fijo muka taso muna cewa, amma a rubuce Peugeot ne, kuma sunan wani gida ne a gabashin Faransa. A 1810 wasu 'yan'uwa biyu na gidan suka mayar da injin niƙan hatsinsu masana'antar ƙarfe. Zarto suka riƙa yi, daga baya suka shiga yin abin niƙa gahawa, sannan kekuna a 1882.

Injiniya: Zakin nan da ke gaban motar ma daga zarton ya samo asali. Haƙoran zarto, haƙoran zaki. An yi masa rajista tun 1858, lokacin babu ko mota ɗaya.

Kawu: Kai! Ni duk zatona don ƙarfin injin aka sa shi.

Auta: Wani jikan gidan, Armand Peugeot, shi ya nace sai an yi mota. A 1889 ya fito da mai ƙafa uku da tururi ke turawa, a 1890 ya koma mai shan fetur da injin Daimler. Lambobin nan masu sifili a tsakiya kuwa da 201 aka fara su a 1929. Aka zo 403, aka zo 404 a 1960, sai ta Kawu, wato 504, a 1968.

Kawu: 404 ita na fara koyo da ita, ina yaron mota. Giyarta a jikin sitiyari take. Ubangidana yana da a-kori-kura, muna kai buhunan gyaɗa da masara kasuwannin ƙauye, Darazo, Alkaleri, har Dass. Lodin da muke ɗora mata, yau in ka ɗora wa wata motar sai ta durƙusa ta ce a yi mata rai.

Injiniya: To nan fa zan fara saɓa wa Kawu, da izininsa. Mutane na cewa 504 ba ta lalacewa. Ni da na shekara ina kwana a ƙarƙashinta, na san tana lalacewa. Kwantak ya ƙone, kafireto ya toshe, fanbel ya tsinke, lagireto ya yi yoyo. Abin da ya bambanta ta shi ne duk inda ta tsaya, nan za a tashe ta.

Kawu: Wannan kuma ba ƙarfi ba ne?

Injiniya: Sauƙi ne, Kawu. Buɗe bonet ɗin waccan ka gani. Fili ne fetal, har yaro zai iya shiga ya tsuguna kusa da injin. Sifana uku da sukudireba da filaya sun ishe ka rabin aikin. Injin nata, mai lita 2 ɗin nan, in ya tsufa ba jefar da shi ake yi ba. Bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa ana zare shi a sa sabo, a canja zobba, injin ya dawo kamar jiya aka sauke shi. Na san injin da muka yi wa haka sau uku.

Auta: Amma Yaya, jikin fa? Ai ba makanike ne ya hana ta karyewa a ramuka ba.

Injiniya: A nan na sallama. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ke tura ta, kuma shok ɗinta na da dogon zango, shi ya sa take haɗiye gargada. Sandar da ke kai ƙarfi baya ma a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samunta kai tsaye. Turawa sun zaɓe ta motar shekara a 1969, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, cikin laka da ƙura. Irin hanyarmu ce sak.

Kawu: Yauwa, yanzu ka zo gida. Bari in ba ku labari ɗaya. Wani dare da damina na taso daga Kano, layi uku cike, ga kaya a sama an ɗaure da tamfol. Mun wuce Birnin Kudu, muna dab da Ningi, sai na ga jar wuta ta kama a gabana, allurar zafi ta fara hawa. Na gangara gefe. Fanbel ya tsinke. Kuma laifina ne, don makanikena ya faɗa mini tun sati biyu baya cewa ya tsattsage, na ce sai na dawo. Ba gari kusa, ba waya a lokacin. Akwai wani Bafulatani a kujerar baya da ya sayo akuya, tana but an ɗaure ta. Na ce, "Malam, ara mini igiyar akuyarka." Ya dube ni kamar na zare. Muka ninka igiyar, muka zarga ta a kan fulai, muka ƙulle tamau, wata mata tana haska mana da tocila. A hankali, a hankali, ba na wuce giya uku, har cikin Ningi.

Auta: Akuyar fa?

Kawu: A cinyarsa ta ƙarasa tafiyar. Da asuba na buga wa wani mai shago ƙofa, ya miƙo mini sabon bel ta taga, ko tambayar wace mota bai yi ba.

Injiniya: Kin ji inda gizo ke saƙa. "Ko tambayar wace mota bai yi ba." Saboda mota ɗaya ce a ƙasar. Gwamna ita, ɗan sanda ita, malamin makaranta da ya ci bashin mota ita, direban tasha ita. Mai shago a Ningi ya san in ya ajiye kayanta ba za su kwana ba.

Auta: Kuma hakan ba haka kawai ya faru ba. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, aka fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Wani abin mamaki, a shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassan motar daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Sai gwamnatin soja ta zamanin Murtala da Obasanjo ta ce a rage facaka, manyan ma'aikata su koma hawa Peugeot. Ka ga an ba ta kasuwa a hannu.

Kawu: Lokacin kowane yanki da rabonsa. Legas ta samu Volkswagen, Ibadan Leyland, Inugu Mercedes, Kano Fiat. Mu nan Bauchi aka kawo mana Steyr ta ƙasar Ostiriya, ana haɗa manyan motoci da taraktoci. In aka tashi daga aiki, ka ga ma'aikata sun cika titi da kekuna da babura, masu masa da masu nono suna ciniki. Yanzu in na bi ta wajen, kau da kai nake yi.

Injiniya: Kowa ya tuna bara, Kawu...

Kawu: Ƙarasa mana. Bai ji daɗin bana ba. Ai ban musa ba.

Auta: Abin da ya karya lagon duka shi ne faɗuwar naira daga 1986, zamanin SAP, shirin nan na yi wa tattalin arziki garambawul. Sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai ƙofar Kwatano ta buɗe, motocin gwanjo suka kwararo, yawanci na Japan. Faransa ta daina ƙera ainihin 504 ta ɗaukar mutane tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. A shekarar ce kuma gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin, bashi ya yi masa katutu, AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta karɓe shi a 2012.

Injiniya: To ke da kike ta karanto mana tarihi, faɗa wa mutane abin da ya kawo ki garejin nan bara.

Auta: Yaya, sai ka tona ni? To, shi kenan. Na tara kuɗina na sayi 406 'yar Kwatano, ruwan toka, mai giya da kanta. Wallahi ranar da na fara hawa hanyar Jos da ita, ji na yi kamar a falo nake. Ba ta rawa a kwana, kujera kamar katifa. Sai wani makanike, ba zan kama suna ba, ya ce mini wai motar ta ƙasar sanyi ce, dole a cire abin da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ya zubar da ruwan lagireto mai launi ya ɗura na rijiya. Ni kuma na ce to, tunda shi ne masani.

Injiniya: Wata biyar ta yi. Mai ya ƙaru da sha, injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, ciki ya fara tsatsa. Ranar da aka jawo ta nan, na buɗe murfin sai ga ruwa ja kamar kunun kanwa. Ga man giya an zuba mata wanda ba nata ba, don ya fi araha.

Kawu: Araha ba ta ado.

Injiniya: Irin wannan giyar ba ta son zafi, ba ta son man da ba nata ba. Daga nan sai mai mota ya shiga gari yana cewa Fijon yanzu ba ta da ƙwari. Alhali abin da ya faru shi ne an ɗauko hannun 504 an sa wa motar da ke da ƙwaƙwalwa. Daga ƙarshen 406 zuwa 307 akwai akwatin kwamfuta da ke riƙe da fitilu, makulli, gilashi, kusan komai. Ka yanke waya ɗaya ka murɗa ta da wata ka naɗe da leda, gobe hon ya yi ƙara da kansa cikin dare. Ni kaina sai da na ajiye girman kai na je Kaduna na koyi aiki da na'urar bincike, ina zaune cikin yaran da na girme su.

Auta: Amma tsakani da Allah, Yaya, me ya sa in mutum ya zo neman shawara kuke ce masa ya sayi Corolla?

Injiniya: Saboda ita ce ta gaji kujerar. Yau a Ningi bel ɗin Corolla za a miƙo miki ta taga. Kayanta na ko'ina, kowane yaro ya iya ta, kuma tana jure sakaci, wannan gaskiya ne, ba zan rage mata ba. In kika tashi sayarwa, kafin la'asar kin samu mai saye. Mai 406 kuwa dole ya san makanike ɗaya ya riƙe shi, kamar yadda ake riƙe likita. Wanda ya yi haka, ba ya yarda ya rabu da ita. Je ki tasha ki duba motocin da ke dogon zango, har gobe za ki ga wagon ɗin 406 ana yi mata lodi.

Kawu: Ni dai na hau ta, ba laifi. Amma mota ce da ba ta magana da kai. 504 in wani abu na damunta, tun daga kujera nake ji. Ƙarar tafet daban, ta bearin ƙafa daban, in kafireto ya sha ƙura sai ta riƙa tari in na taka. Wannan kuwa sai dai ta kunna maka wata 'yar fitila, kai da ita ku yi ta kallon juna.

Auta: Kawu, ai fitilar ma magana ce, harshen ne ba ka iya ba.

Kawu: Ja'ira! To, a shekaruna ba zan koma aji ba.

Auta: Ga masu tambayar inda aka kwana, tun 2021 Peugeot na ƙarƙashin wani babban rukuni da ake kira Stellantis, bayan haɗewa da su Fiat da Chrysler. A nan gida kuma wani sabon kamfani da Dangote ke ciki ya fara haɗa motocin a Kaduna a 2022, irin su 301.

Kawu: Nawa ce?

Injiniya: Kawu, bar wannan tambayar, kada hawan jininka ya tashi.

Kawu: To waccan ta kan duwatsun fa? Ta waye?

Injiniya: Ta wani dattijo ce da ya rasu, 'ya'yan suka ce a sayar. Injin lafiyarsa ƙalau, ƙasan ne ya ɗan ci tsatsa, sai tayoyi huɗu da batir.

Kawu: Giya huɗu ce ko biyar?

Injiniya: Huɗu.

Kawu: Ita ce ta ainihi. Auta, kashe abin nan naki tukuna. Kai yaro, ɗauko mini batir da ɗan fetur a gora, in ji muryarta.

Auta: To masu saurare, kun dai ji, Kawu ya riga ya naɗe hannun riga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.