Darasi na Bakwai: Yi wa Dokin Lifidi Fenti

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa daga nan Tawa. Yau ɗan ƙaramin mutum-mutumin dokin lifidi, wato doki mai sanye da rigar kariya ta auduga, za mu yi wa fenti, wanda zai shiga rundunar Sarkin Gobir Yunfa da muke haɗawa domin wasan da ake yi a kan tebur na kwaikwayon Yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804. Ƴan bakan ɓangaren Shehu Usmanu, waɗanda ƙanensa Abdullahi ya jagoranta a wannan rana, mun gama su tun makon jiya, ga su can jere a kan tebur suna jiran abokan karawa.

Wannan doki da mahayinsa na ma'aunin milimita 28 ne, wato tsawon mutum a tsaye kusan milimita 28, kuma asalinsu mayaƙan Mahadin Sudan ne da ake ƙerawa a Ingila, tun da sojojin Gobir ba abu ne da ake samu a shirye ba. Lifidin da kuke gani ni na ɗora shi da ƙullun nan mai launi biyu, rawaya da shuɗi, wanda ake murzawa har ya koma kore, sannan na zana layukan ɗinkin da tsinin allura kafin ya daskare. Wanki da sabulu da shafin farko duk na yi su, ba sai mun tsaya a kansu ba. Fari na shafa, domin launukan lifidi masu haske ne, baƙin shafi kuwa yana kashe su.

Kafin buroshi ya taɓa doki, bari in daɗe a kan abin da ya wahalar da ni shekara guda cur, wato bushewar fenti. Fentin akirilik da muke amfani da shi da ruwa ake sirka shi, kuma waɗanda kuke gani a intanet suna koyarwa daga Turai suna aiki ne a ɗakuna masu sanyi da laima. Mu nan Adar, a hunturu ko a zafin watan Afrilu, ɗigon fenti a kan faranti yakan yi fata kafin mutum ya gama ƙafar doki ɗaya. Maganinsa shi ne faranti mai laima. Ku samu ƴar robar abinci mai murfi, ku shimfiɗa siririn soso a ƙasa, ku zuba ruwa har soson ya sha ya ƙoshi, amma kada ruwa ya hau kansa ya kwanta. A bisa soson ku ɗora takardar da masu gasa kek suke shimfiɗawa a tire. Takardar littafi ba ta yi, tana jiƙewa ta saki gashi a cikin fenti. Leda ma ba ta yi, domin laima ba ta ratsa ta. Ku danne takardar da yatsa daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita, domin duk inda ta kumbura, nan fentin zai fara bushewa. Ƙanena, matso da kyamarar su gani. Wannan ɗigon ja tun bayan azahar na zuba shi, yanzu la'asar ta wuce, kuma ga shi yana bin buroshi.

Kaurin fentin kuma, ku tuna da koko tsinkakke wanda ke zuba daga ludayi ba gardama. Idan ya yi kaurin kunun gyaɗa zai cike layukan ɗinkin da muka sha wahalar zanawa, lifidin ya koma kamar bargo. Gara shafi biyu ko uku marasa kauri. Buroshi kuma lamba 1 nake ɗauka, mai tsini mai kyau. Masu farawa sukan ruga su sayi lamba 000 suna zaton ƙanƙanta ita ce gwaninta, alhali gashinsa bai riƙe ruwa, fentin na bushewa a kansa kafin ya isa jikin doki.

To, bismillah. Lifidi riga ce ta ƙyalle biyu da ake cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, a ɗinke, kuma sau da yawa ana haɗa ta da ƙyallaye masu kusurwa uku na launi daban-daban. Za mu fara da ja. A'a, ku gafarce ni, rawaya ce farko. Ja yana rufe rawaya idan hannu ya zame, amma rawaya ba ta rufe ja ko an shafa sau biyar, saboda haka mai haske ake gabatarwa. Ina cike kusurwa ɗaya in tsallake biyu, ta yadda ba zan taɓa gefen wadda ba ta bushe ba. Bayan rawaya sai ja, sannan shuɗi mai duhu. Ba na son ja mai ƙyalli irin na alawa. Nakan sa masa ɗan ƙasa-ƙasa kaɗan, domin rigar da ta sha rana da ƙurar tafiya daga Alkalawa ba za ta fito kamar yau aka yanko ta daga kanti ba.

Ƙafafun doki da wutsiya, kun san yadda ake yi. Sulken mahayi kuma baƙi ne a ƙasa, a goga masa launin ƙarfe da busasshen buroshi, shi ke nan. Fatar mutum ce nake roƙo kada a shafa mata baƙi tsantsa, launin ƙasa mai duhu ne da ɗan ja a ciki, sai a haskaka goshi da kan hanci. Rawanin da ke kewaye da kwalkwali kuwa, idan kuna son ya yi kama da ɗan Kura, ku haɗa shuɗi mai duhu da ɗigon shunayya, kuma a ƙarshe shi kaɗai za a shafa wa mai mai sheƙi, saboda turkuɗi da aka buga da kyau yana walƙiya a rana.

Yanzu sai ruwan inuwa, wanda shi ne ke fito da ɗinkin. Launin ƙasa mai duhu ne aka tsinka sosai, aka taɓa masa sabulun ruwa da bakin tsinke domin ya gangara cikin layuka maimakon ya taru a sarari. Wanda bai son wahalar haɗawa, ina da shi a ƙananan kwalabe, jaka ɗaya kowace, kuma ƙullun koren ma ya iso mini daga Yamai. Ku lura, buroshin yana bin layin ɗinki kawai. Inda ya taru a ƙasan ciki, in tsotse shi da busasshen buroshi tun bai bar zobe ba.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa a kan doki ɗaya, sai dai a kan tebur ƴan lifidi ba su da yawa, kuma su ido ke fara sauka a kai. A dokokin da muke bi a nan, dokin lifidi santimita 15 yake tafiya a juyi ɗaya, doki mara lifidi 25, kuma kibiya ba ta yi masa illa sai ɗan lido ya nuna 6. Mun sa haka ne saboda nauyin rigar, wadda takan sa sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau. Duk da wannan kariya, a Tabkin Kwatto ƴan baka ne suka yi rinjaye a kan dawakin Gobir, shi ya sa wasan ke da daɗi ga kowane ɓangare.

Gindin da za a kafa shi milimita 25 ne a faɗi, 50 a tsawo. Gam na katako, rairayin bayan gari da aka tankaɗe da rariya, an gama. Man kariya na ƙarshe ne kawai nake gargaɗi a kansa, domin bara na fesa wa mahaya goma sha biyu a tsakar gida da iskar hunturu, ƙura ta manne musu duka, sai da na kankare su na sake daga farko. A cikin ɗaki za ku shafa shi da buroshi, ku kife kwali a kai. Wannan dai ruwan inuwarsa bai bushe ba tukuna, saboda haka zan kife shi yanzu, ƙanena ka miƙo mini na biyu mu fara rawayarsa.